Babi na Uku: Harshen da Yaro Ke Fara Karatu da Shi

Duk wanda ya taɓa giftawa ta bayan tagar aji ɗaya ko aji biyu a makarantar firamare ta gwamnati da hantsi ya san irin amon da ke fitowa daga ciki. Malam ya faɗi jimla da Turanci, yara saba'in ko ɗari su amsa da ƙarfi, ya sake faɗi, su sake amsawa, har bangon aji ya ɗauka. Mai wucewa sai ya ce karatu ya kankama. Amma da zai shiga ya ware yaro guda daga cikin masu ɗaga muryar nan, ya nuna masa kalma ɗaya a kan allo ya ce ya karanta, sau da yawa shiru ne zai biyo baya. Yaron ya haddace sauti, bai san abin da sautin ke nufi ba, bai kuma san wane rubutu ne ya haifar da shi ba. Wannan ba cutar ƙasar Hausa ce kaɗai ba. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNESCO da UNICEF a 2022, an ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa. Dalilan suna da yawa, akwai cunkoso, akwai rashin littattafai, akwai yunwa da fashin malamai. Amma akwai dalili guda da ya bambanta da sauran, domin shi gyaransa ba ya jiran a gina sabon aji, kuma shi ne wanda aka fi yi wa gurguwar fahimta. Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne, yaro ya kamata ya fara koyon karatu da rubutu da lissafi da harshen da yake ji, a riƙa koya masa Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa, kuma wannan ita ce hanya mafi kusa zuwa ga Turancin da iyaye ke so ɗansu ya iya.

Sai mu fara da duba abin da ake nufi da iya karatu. Ayyuka biyu ne ke haɗuwa a kan yaro. Na farko shi ne ya gane cewa kowane harafi yana wakiltar wani sauti, kuma idan aka jera sautukan sai su zama kalma. Na biyu shi ne ya san ma'anar kalmar da ya haɗa. Yaro Bahaushe ɗan shekara shida yana zuwa makaranta da aiki na biyu a kammale: ya san dubban kalmomi, yana iya ba da labari, yana gardama, yana tsara ƙarya ma idan ta kama. Abin da ya rage masa shi ne aiki na farko, kuma a nan rubutun Hausa na boko ya yi masa gata. Wasula biyar ake rubutawa, baƙaƙe kuwa kusan kowanne sautinsa guda ne ba ya canzawa, yawancin gaɓoɓi kuma baƙi ne da wasali. Yaron da ya riƙe haruffa goma zai iya haɗa kalmomi masu yawa da kansa, kuma da ya haɗa sai ya ji abin da ya sani ya fito daga bakinsa. Wannan jin daɗin shi ke sa yaro ya nemi ƙari. Turanci ba haka yake ba. Haruffansa 26 ne, amma sautukansa sun kai kimanin 44, harafi guda na iya fita da sauti uku ko huɗu, wani ma a rubuta shi a ƙi furta shi. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna cewa 'ya'yan Birtaniya kansu, waɗanda da Turanci aka yaye su, sun fi takwarorinsu na Italiya da Finlan daɗewa kafin su kama karatu, saboda wannan rikicin rubutu. To idan ɗan gida yana shan wahala haka, ina ga yaron Ɗambatta ko na Illela da aka ɗora masa ayyukan biyu a lokaci guda, ga sautukan da bai taɓa ji ba, ga kalmomin da bai san inda suka dosa ba? Ko ya yi sa'a ya furta daidai, ba shi da hanyar da zai san ya yi daidai, tunda abin da ya fito daga bakinsa ba ya gaya masa komai.

Abu na biyu, wanda masu adawa ba su cika lura da shi ba, shi ne cewa karatu sau ɗaya ake koyonsa. Wanda ya gane cewa rubutu magana ce da aka zana, ya saba bin layi daga hagu zuwa dama, ya saba tsayawa a aya, ya saba tambayar kansa ko ya fahimci abin da ya karanta, ba zai sake koyon waɗannan ba idan ya shiga wani harshe. Sabbin kalmomi kawai zai nema da sabbin ƙa'idojin furuci. Haka lissafi yake. Yaron da ya gane dalilin da ya sa ake aro daga gidan gomomi wajen ɗebewa ya gane shi ke nan, sunan aikin da Turanci abu ne na yini guda.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada shi a nan Najeriya tun da daɗewa. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara wani gwaji a makarantar St. Stephen's da ke Modakeke. Aka raba yara: wasu aka koya musu dukkan darussa da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda, wasu kuma aka bi tsarin da aka saba, wato a fara da Yarabanci sannan a juya Turanci a tsakiyar hanya. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa wasu makarantu, har da na ƙauye. Sakamakon da aka samu shi ne, yaran da suka yi shekara shida da harshensu sun yi fice a lissafi da kimiyya da sauran darussa, kuma Turancinsu bai gaza na sauran ba. An soki gwajin da cewa yaran rukunin farko sun sami ƙwararren malamin Turanci da sabbin littattafai, don haka ba harshe kaɗai ya jawo nasarar ba. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, amma idan aka dube ta da kyau sai a ga ba ta rushe batun ba. Abin da ta nuna shi ne, idan aka bar Turanci a hannun wanda ya iya shi, aka bar sauran malamai su yi bayani da harshen da su da yaran suke ji, kowa ya ci riba. Shekaru da yawa bayan haka, a Afirka ta Kudu, masu bincike biyu, Stephen Taylor da Marisa von Fintel, suka bi bayanan dubban makarantu, suka wallafa a 2016 cewa yaran da aka koyar da harshen gida a aji ɗaya zuwa uku sun fi iya Turanci a aji huɗu zuwa shida idan aka kwatanta su da waɗanda aka fara musu da Turanci kai tsaye a irin makarantunsu. A Jamhuriyar Nijar ma, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram mai koyarwa da Hausa da Faransanci, daga baya aka shigo da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, kuma binciken da aka riƙa yi ya nuna ɗaliban waɗannan makarantu sun fi na makarantun Faransanci zalla fahimtar darasi, musamman a azuzuwan farko. Abin takaicin can shi ne, shekaru suka yi ta wucewa tsarin bai fita daga sunan gwaji ba.

Ba ma sai an je nesa ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da tsarin koyar da baƙon harshe ta hanyar harshen gida, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya gaza. A makarantar allo, yaro yana fara babbaƙu ne da sunayen haruffa da malamai suka raɗa da Hausa gwargwadon siffar kowane harafi, sannan ya wuce farfaru, sannan haɗɗatu, mataki bayan mataki, malam ko gardi yana sauraron kowane yaro shi kaɗai kafin ya ba shi izinin wanke allo. A zauren ilimi kuwa, ɗalibi yana karanta Ahalari ko Ishmawi ko Risala da Larabci, malam yana fassara masa kalma bayan kalma da Hausa. Ta wannan hanya aka sami malaman da suka rubuta littattafai da waƙoƙi da Larabcin da Larabawa ke girmamawa. Nana Asma'u, wadda ta iya Larabci sarai, da ta tashi ilmantar da matan karkara ta hannun jajiyoyin 'Yan Taru, da Hausa ta aika musu da karatu. Abin mamaki ne a ce al'ummar da ta san wannan tun ƙarnoni ita ce yau take ganin bayani da Hausa a ajin boko faɗuwa ne.

Amma tsoron iyaye yana da tushe, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Jarabawar WAEC da NECO da JAMB da Turanci ake yin su, takardar neman aiki da Turanci, manyan kotuna da banki da Turanci. Uba yana ganin ɗan maƙwabcinsa da ke makarantar kuɗi yana gaisuwa da Turanci tun yana shekara huɗu, sai ya ce ashe nasa ake so a bari a baya. Akwai kuma tabon tarihi. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, haka elementaren da suka biyo baya, kuma da yawa cikin 'yan bokon Arewa sun yi imani cewa Turawan mulkin mallaka sun yi rowar Turanci da gangan don kada a sami masu ɗaga musu murya kamar yadda aka samu a Legas. Ko da an yarda da wannan zargi, abin da ya bar Arewa a baya shi ne ƙarancin makarantun da ƙarancin waɗanda aka bari suka wuce elementare. Waɗanda suka wuce ɗin, Hausar da suka fara da ita ba ta hana su komai ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ta wannan tsani ya hau har Kwalejin Katsina, ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, kuma Turancinsa ne ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce don ta zama littafin karatu a makarantu, bai rasa Turancin da zai yi muhawara da gwamna ba. Game da ɗan makarantar kuɗi kuwa, a tambayi abin da ke tare da shi: aji mai yara ashirin ko talatin, littafi nasa na kansa, talabijin da wayar da ke magana da Turanci a gida, uwa ko uba da ke duba aikinsa da dare. Wannan yaro Turanci ya zame masa harshe na biyu na gida. Ɗaukar tsarinsa a ɗora wa yaron da ba ya jin Turanci sai a bakin malami, kamar a ba mai koyon tafiya takalmin babansa ne a ce ya yi tsere. Kuma ko a makarantun kuɗin, musamman ƙananan da suka cika unguwanni, ana samun yaran da ke rera Turanci tiryan-tiryan amma ba sa iya faɗin abin da sakin layi guda ya ƙunsa.

Hujja ta biyu ta masu adawa ta fi tsoron iyaye nauyi: Najeriya tana da harsuna sama da 500, to da wanne za a koyar? A Bauchi ko Kudancin Kaduna ko Filato ana iya samun aji guda mai harsunan gida biyar. Wannan matsala ce ta gaske, kuma duk mai kishin Hausa da ya yi kamar bai gan ta ba yana cutar da batun da yake karewa. Yaron rugar Fulani da bai ji Hausa ba, idan aka koyar da shi da Hausa, an maimaita masa zaluncin da ake kuka da shi ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta hango haka, shi ya sa ta ce harshen uwa ko harshen da ake magana da shi a yankin da makarantar take. Ma'aunin dai shi ne harshen da yaran ke wasa da shi idan an fita tara. Inda wannan harshe Fulatanci ne ko Barbarci ko Nufanci, shi ya cancanta, kuma dukkansu suna da tsarin rubutu. Inda aji ya cakuɗe har ba a iya tsayar da guda, a nan Turanci na iya zama mafita, da sharaɗin a koyar da shi a matsayin baƙon harshe, da baki tukuna kafin alƙalami. Sai dai wahalar wasu garuruwa ba ta zama dalilin hana miliyoyin yara karatu da harshensu a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Sakkwato, inda malami da ɗalibai da mai sayar da awara a bakin ƙofa duk harshe guda suke yi.

Ana kuma cewa Hausa ba ta da kalmomin kimiyya. A matakin jami'a ana iya zama a tattauna wannan. A aji uku kuwa, inda darasin shi ne sassan shuka da tsabtar ruwa da yadda sauro ke kawo zazzaɓi, maganar ba ta taso ba.

Hujjar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce wadda ke cewa ai an gwada, bai yi ba. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya, ta bakin ministan ilimi Adamu Adamu, ta sanar da manufar koyarwa da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke ta, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe, bisa dalilin cewa yankunan da suka rungumi harshen gida su ne ke yawan faɗuwa jarabawa. Matsalar wannan dalili a fili take. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 bai ko gama firamare ba a 2025, balle ya zauna WAEC. Kuma tun ranar sanarwar farko ministan wancan lokaci ya yarda cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Abin da ke gudana a azuzuwan Arewa shekara da shekaru ba koyarwa da Hausa ba ne. Littafi da Turanci, rubutun allo da Turanci, jarabawa da Turanci, malam kuma yana cusa Hausa a tsakani don yara su daina kallonsa. Yaron da ya fito daga wannan bai iya rubuta Hausa ba, bai iya jin Turanci ba. Gwajin karatu da aka yi a Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ya gano cewa mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ba sa iya karanta kalma ko ɗaya da Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Ba za a ɗora wa Hausa laifin faɗuwar yaran da ba a taɓa koya musu karanta ta ba.

Wannan binciken kuma gargaɗi ne ga ɓangarenmu, domin ya nuna harshe shi kaɗai ba ya koyar da kowa. Dole a sami darasi mai tsari. Shirye-shiryen da suka biyo baya, irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da RANA a Katsina da Zamfara, a kan haka suka tsaya: jagoran malami mai darasin kowace rana, littafi a hannun kowane yaro, a fara da sautin harafi, a wuce gaɓa, a wuce kalma, a kai ga ɗan labari, sannan mai sa ido ya riƙa zuwa aji yana taimaka wa malami maimakon ya zo neman laifi. An sami ci gaba, ko da yake bai kai yadda ake buri ba, kuma babbar barazanar irin wannan shiri ita ce ya tsaya ranar da kuɗin masu tallafi suka ƙare. A Kano an gwada wata dabara da ta samo asali daga ƙungiyar Pratham ta Indiya, inda ake ware wani lokaci a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba: masu haruffa gefe guda, masu kalmomi gefe guda, masu labari gefe guda, kuma da Hausa ake fara aikin. Dubi kuma halin malaman. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawa, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka sa ba. Ƙungiyar malamai ta yi jayayya da yadda aka gudanar da ita, kuma tana da abin faɗi. Amma ko rabin adadin ne gaskiya, wace hikima ce a tilasta wa malamin da ke fama da Turanci ya bayyana rabawa da kashi-kashi da shi, alhali da Hausa zai iya yi har yaro ya gane?

Da zarar harshen aji ya zama wanda yara ke ji, ayyukan da ake iya yi sai su yawaita ba tare da an kashe ko kwabo ba, kuma nan ne ribar ta fi fitowa. Malama ta fara tatsuniya ta tsaya a tsakiya ta tambayi abin da Gizo zai yi, hannaye su tashi, kowa da dalilinsa. Wannan shi ne hasashe da kafa hujja, abin da za a nema wurinsu a jarabawar fahimta nan da shekaru. Kacici-kacici yana koyar da siffantawa, karin magana yana koyar da ma'anar da ke bayan magana, wasannin karya harshe suna wasa kunne wajen rarrabe sautuka masu kama da juna, waɗanda su ne yara ke rikitawa a rubutu. Murafen kwalba da tsinkayen tsintsiya da aka ɗaure goma-goma sun isa koyar da gidan ɗaiɗai da gidan gomomi. A kafa kasuwa a kusurwar aji, wannan ya sayar, wancan ya ba da canji, sai a ga yarinyar da ake ce wa daƙiƙiya a lissafi ta fi kowa sauri, domin tana yin sa kullum a kan farantin talla. A aiki yara su tambayo kakanninsu sunayen itatuwan da suka ɓace a garin, su dawo su rubuta, sai ga uwar da ba ta yi boko ba ta shiga cikin karatun ɗanta. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai yiwu a ajin da yaro ke tsoron buɗe baki kada a rubuta sunansa cikin masu yin Hausa. Turancin kansa a nan ya fi samun gurbi: rabin awa ko fiye kowace rana, da waƙa da wasa da umarni da hira, daga aji ɗaya, har kunne ya saba, sannan a shigo da rubutunsa bayan yaro ya kama karatu, a riƙa ƙara masa fili a hankali daga aji huɗu zuwa sama maimakon a juya gaba ɗaya dare ɗaya.

Ilimin firamare a Najeriya yana hannun jihohi da ƙananan hukumomi ne ta hukumomin SUBEB, don haka majalisun jihohi da kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai suna da ta cewa. Kafin kowa ya ɗauki ɓangare, akwai gwajin da ba ya bukatar izinin minista. Mai karatu ya samo ɗansa ko ƙaninsa da ke aji uku, ya rubuta masa jimla huɗu da Hausa a kan abin da ya sani, ya ce ya karanta ya faɗi abin da ya ji. Idan ya kasa, a je makaranta a tambayi hedimasta awa nawa ake ba karatun Hausa a mako, da wane littafi, kuma wa ke koyar da shi.